Na'urar Takanamat da Ambulan ɗin Attaher

Tawa, 9 ga Maris 1998

Attaher,

"Ba zan sake aiko da sabon zubi ba sai na ji daga bakin kowa cewa na baya ya hau na'ura ya zauna." Kai ka faɗi haka, a tsakar gidana, ranar sunan jikata, da ludayin fura a hannunka. Maigidana Malam Yunusu yana wurin, ya ce in ka musa a kira shi shaida.

Yanzu bari in gaishe ka, tunda ni dai an yi mini tarbiyya. Ina gajiya, ina zafin Yamai, yaya Balkisa da yara? Mu nan lafiya lau muke, alhamdu lillahi. Ƙafar Malam ta yi sauƙi, ya ajiye sanda, yana zuwa masallaci da kansa. Jikar ta fara zama, tana faɗuwa gefe kamar buhun da ba a cika ba. Lemun tsamin da na dasa bayan ɗaki, wanda ka ce ba zai rayu a ƙasar Adar ba, bana ya yi 'ya'ya. Ban da abin da zan gaya maka, ba ni da kukan komai a duniya.

Da gangan na rubuta da Hausa. In na rubuta da Faransanci sakatarenku zai buga wa takardar hatimi ya jefa ta a kabad, ta kwanta nan har a yi wani zaɓen. Wannan kuwa dole ka karanta da kanka.

Zan tuna maka abin da muke yi da na'urorin nan, don na ga alama ka manta. Farojen Rumbun Adar, aikin tallafin da muke yi wa hidima, na da ordinatar huɗu, wato kwamfuta. Ɗaya a ofishina, ɗaya a Kalfu, ɗaya a Bambeye, ɗaya a Takanamat. Wakilanmu suna bin ƙauyuka gida gida, su tambayi abin da ya rage a rumbu, su zuba a na'ura, su aiko mini da disket. Ni in haɗa, in kai taron raba iri. Lojisiyel ɗin da ka rubuta mana don na'urorin su yi lissafi da shi, zubi na ɗaya, shekara guda ya yi yana aiki ba wanda ya ji kansa. Sai hannunka ya fara ƙaiƙayi. A watan Disamba ka aiko da na biyu. Kafin mu gama buɗe ambulan ka aiko da na uku, ba ka tambayi kowa ko na biyun ya isa ba.

Ga inda muke yau. Disket ɗin Kalfu ya buɗe. Na Bambeye ya buɗe bayan mun yi kokawa da shi yini guda. Na Takanamat ya ƙi. Sau biyu Sadisu, wakilinmu na can, yana aiko shi, sau biyu na'urata tana rubuta wani layi da Ingilishi ta yi shiru. Tun da aka kawo mana dimokuraɗiyya na san kowane zaure ya kafa jam'iyyarsa, amma ban zaci abin zai kai ga na'urori ba. Su huɗu ne kawai, kuma ba mai jin maganar wata.

Taron raba iri ranar Laraba 13 ga Mayu ne. Ka san ƙa'idar da masu ba da tallafi suka kafa: ƙauyen da bai fito a rahoton na'ura ba, ba ya cikin rabo. Ka kuma san yadda damanar bara ta yi a arewa. Mutanen Takanamat da yawa sun riga sun daka irinsu sun ci. In ruwa ya sauka ba abin da za su sa a rami.

Abu biyu nake so. Kada ka ƙara aiko da komai. Ka zo da kanka ka duba.

Kakarka Talle da kakana Baƙo ciki ɗaya suka fito, ba ni na zaɓi haka ba, amma tunda ya faru ina da ikon gaya maka gaskiya. Ka gai da Balkisa, ka ce ina yi mata sannu da haƙuri.

Taubashiyarka,
Lailatu

Yamai, 20 ga Maris 1998

Yaya Lailatu, uwar lissafin Adar,

Na samu wasiƙarki, na ji lafiyarku, na gode wa Allah. A gai da Malam, a ce masa shaidar miji a kan maganar matarsa ko alƙalin ƙauye ba ya karɓa. Mu ma lafiya muke. Ƙaramin ya yi kyanda amma ta wuce, sai tabo. Balkisa na gaishe ki.

Na karanta mata wasiƙar tun daga sama har ƙasa, ta yi dariya har ta zubar da ruwan da take sha. Wurin jam'iyyun na'urori kuwa na kai shi ofis, yanzu kowa shi yake maimaitawa. Ke dai ba ki canza ba. Tun ina ɗan lakwal, ina zuwa boko, kike ce mini mai kan kabewa, kuma kullum in kin zage ni sosai na san gida lafiya. Ran da kika rubuto mini wasiƙa mai ladabi, ranar zan san wani abu ya faru.

Batun zubi, ba ƙaiƙayin hannu ba ne. Na biyu ya gyara wurin da ake sa farashin kasuwa. Na uku kuma Turawan faroje ne suka ce a ƙara gurbin dabbobi, kuma jiya suke so, ba gobe ba. Ni kaɗai nake riƙe da na'urorinku da na Maraɗi da na Damagaram. In na tsaya jiran kowa ya ce mini ya gani, sai gemuna ya yi fari.

Disket ɗin Sadisu, ina jin zafi ne ya lalata shi. Ku can rana ko ƙarfe narkar da shi take yi. Kada ki damu. Na riga na gama zubi na huɗu, wanda zai haɗa kan jam'iyyun naki duka. Motar faroje tana garaji, wasiƙu kuma da yajin aikin nan na ma'aikata ba a san ranar isarsu ba, don haka na yi yadda na saba. Na je tasha na nemi mutanenmu na gida waɗanda na sani, na ba kowa ambulan, na ce hannu da hannu, kada ya ba kowa sai mai sunan. Tun makon jiya suka tashi. In kun gama da tsofaffin disket ku maido mini, tun faɗuwar darajar kuɗin sefa sun yi tsada, gogewa nake yi in sake amfani da su.

Na samo miki wani littafin tarihi mai kauri wurin masu sayar da tsofaffin littattafai a bakin kasuwa. Bangonsa ya fita amma ba shafin da ya ɓace. Ki karanta, ko kya rage faɗa da na'urori.

Ƙanenki da kika fi so, ko kin ƙi faɗa,
Attaher

Tawa, 2 ga Afrilu 1998

Attaher,

Ina fatan kuna lafiya, kai da Balkisa da mai tabon kyanda. A shafa masa man shanu, zai baje. Mu lafiya. Mun sayi ragon layya, Malam ya ɗaure shi kusa da lemuna, ya cinye rassan ƙasa kafin in ankara. Mun yi magana a kai, ni da Malam, yanzu ragon yana zaure.

Littafin ya iso, na gode, na gama shi. Sarakunan da ke ciki duk sun ɓata ƙasashensu, wani da yaƙi, wani da haraji, amma ban ga wanda ya yi shi da disket ba.

Ka ce zafi ne. Na tafi Takanamat da kaina don in ga zafin. Zan gaya maka abin da na tarar, ka zauna ka karanta, kada ka kira Balkisa.

Ka tuna Almustafa, mai fataucin fatu? Shi ka ba ambulan ɗin zubi na biyu a tashar Yamai cikin Disamba. Ka ce masa hannu da hannu. Ya iso Takanamat ya tarar Sadisu ya fita ƙauyuka. Matar Sadisu ta ce ya bari a wurinta, ya ƙi. Mai gadin ofis ya ce ya bari, ya ƙi. Washegari abokan tafiyarsa suka ɗaura kaya za su arewa wajen Tiliya, ba zai iya tsayawa ba, sai ya naɗe ambulan ɗin a tsumma mai tsabta, ya sa a can ƙasan burgamensa, ya tafi da shi. Can ya yi azumi, can ya yi salla. Sai ƙarshen Fabrairu ya dawo.

A tsakanin nan motar faroje ta kai wa Sadisu zubi na uku. Ya ɗora, ya zauna ya zuba duk abin da ya tattaro daga ƙauyuka, aikin rani guda, gida gida, rumbu rumbu. Ya gama ke nan sai ga Almustafa ya yi sallama, ya kira mutum biyu su shaida, ya miƙa masa ambulan da hannu biyu.

Me ka rubuta a bayan ambulan ɗin? Sunan Sadisu, da kalma ɗaya, "sabo". Me ka rubuta a bayan wanda mota ta kai? Sunan Sadisu, da "sabo". Ba lamba, ba kwanan wata. Sadisu ya yi abin da kowane mai hankali zai yi a ƙasar nan. In mutum ya aiko maka saƙo biyu, na ƙarshen isowa shi ne magana. Ya ɗora na biyu a kan na uku. Tun ranar na'urar take kallonsa yana kallonta.

Na sa aka nemo mini Almustafa a kasuwa. Na tafi da niyyar in wanke shi tas. Muka zauna a rumfar wani mai shayi, ya ji bayanina har ƙarshe bai katse ni ba, sannan ya ce, "Malama, ni abin da anka ce mani shi ni yi. An ce hannu da hannu. Ko rana ban bari ta gane shi ba, ko ruwa bai taɓa shi ba. In da na bar shi ga wani ya ɓace, mi za ni ce ma yaron?"

Yaron kai ne. Na duba tsumman da ya naɗe shi, ya fi mayafina tsabta. Sai na biya masa shayi na yi masa godiya. Mutumin nan ya riƙe amanarka fiye da yadda kai ka riƙe maganarka.

Na tambayi Sadisu takardun da ya cika a ƙauyuka, in ya so mu sake zubawa a na'urata. Ya buɗe akwati ya nuna mini. Da fensir aka cika su, an goge da roba, an sake cika su da farashin kasuwar watan jiya, bisa umarnin tsimin takarda da ofishinku ya aiko bara. Wato maganar mutanen nan yanzu wuri ɗaya take a duniya, cikin cikin na'urar da ta rufe bakinta.

Ba zan ɓoye maka ba, ban da wannan, tafiyar ta yi mini daɗi. Na daɗe ban fita Tawa ba. Matar Sadisu ta yi mini fura da nonon da aka tatso da safe, wata Buzuwa maƙwabciyarsu ta ba ni cuku har na kawo wa Malam. Na kwana a tsakar gida, iska na kaɗawa, ba ƙarar babur ko ɗaya. Da safe wani maigari tsoho ya ji labarin na zo, ya taho a kan jaki daga ƙauyensu. Ya gaishe ni, ya tambayi mutanen gida ɗaya ɗaya kamar ya san su, sannan ya ce, "Malama, maganarmu ta isa wurin manya?" Na ce tana hanya. Ya ce to madalla, dama sun faɗi gaskiya ne, ba su ƙara ba su rage ba. Ya hau jakinsa ya koma. Ni da na koyar da manya karatu shekara da shekaru, ban taɓa jin kunyar baki irin ta ranar ba.

Sai batun zubi na huɗu da ka saki a hanyoyin Adar kamar awaki. Na yi ƙoƙarin tare su. Rakia ƙanwar Malam ta dawo daga Yamai, ta sauka gidana ta ci abinci, tana wanke hannu ta ce ai ka ba ta saƙon wakilin Bambeye. Na ce ta kawo in ajiye. Ta fito da shi daga cikin ɗankwali ta nuna mini daga nesa, ta ce, "Yaya, in kina so ki karɓi 'yan kunnena, amma wannan ba sunanki ne a kai ba." Na yi bayani, na yi lallashi, na yi faɗa. Ta mai da shi ta ɗaure. Ka zaɓi mutanen kirki, wannan na ba ka. Ba wanda zan iya ƙwace wa, kuma ban san su nawa ne ba, ban san inda suke ba.

Don haka ga abin da na yi. Na aika wa wakilan Kalfu da Bambeye cewa duk wanda ya kawo ambulan daga wurinka su karɓa da hannu biyu, su ba shi ruwa, su yi masa godiya, in ya tafi su sa ambulan ɗin ƙarƙashin katifa. Sadisu kuwa, tun ina can Takanamat, ya ji tsoro, ya ce saƙon Yamai da hatimi yake zuwa, shi ba zai iya gani ya ƙi ɗorawa ba. Sai na rubuta masa takarda cewa ni na ɗauki nauyi, na cire na'urar daga wayoyinta, na naɗe ta a bargo, na ɗora ta a cinyata a gaban mota har Tawa. Direban ya zaci mara lafiya ce, yana ta kauce wa ramuka. Yanzu tana ɗakina, tsakanin gado da kabad ɗin littattafai. Ba wanda zai ɗora mata komai.

Ba ni da sanin buɗe ta. Kai ka ƙulla, kai za ka kwance. Ka zo bayan salla.

Allah ya kai mu layya lafiya.
Lailatu

Tawa, 20 ga Afrilu 1998

Zuwa ga Malam Attaher, mai kula da na'urorin Farojen Rumbun Adar, Yamai.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan kun yi salla lafiya, Allah ya maimaita mana.

Ina tunatar da kai cikin girmamawa cewa na rubuto maka a farkon wannan wata game da na'urar Takanamat, ban samu amsa ba. Na san aiki ya yi maka yawa. In da hali, ina roƙon alfarma ka sanar da ni ko akwai abin da za a iya yi kafin taron 13 ga Mayu. In kuma babu, ba komai, na gode da ƙoƙarin da kake yi mana.

Allah ya ƙara girma.
Malama Lailatu Yunusu

Yamai, 27 ga Afrilu 1998

Yaya,

Don Allah lafiya? Malam lafiya? Jikar fa? Mu nan ƙalau muke, amma ni tun jiya ban ci abin kirki ba.

Tun kafin salla ina Damagaram, can na yi layya a gidan mutane. Jiya na dawo na tarar da wasiƙunki biyu a kan tebur. Ƙaramar na fara buɗewa. Da na kai "Allah ya ƙara girma" sai na nemi wuri na zauna. Balkisa ta dubi fuskata ta tambaye ni wa ya rasu. Na miƙa mata, ta karanta, ta ce wannan ba rubutun Yaya ba ne, ko kuwa ka yi mata abin da ba ya gyaruwa. Sannan na buɗe doguwar. Ban kira kowa ba. Wuri ɗaya kawai na yi dariya, wurin direban da ke kauce wa ramuka, ita ma ba ta yi nisa ba.

Ki kwantar da hankalinki, aikin Sadisu bai ɓace ba. Zubi na biyu bai san gurbin dabbobi ba, da ya hau sai ya rikita jerin, kamar a sauya wa rumbu ƙofa hatsin yana ciki. Da kika ɗauke na'urar kin yi daidai, don da na huɗu ya hau kanta a haka, ban san abin da zai rage ba. Gyaran bai wuce aikin yamma ɗaya ba.

Matsalar ita ce darakta ya riga ya sa ni tafiya Maraɗi farkon watan gobe. Can ma na'urori biyu sun ɗauki na huɗu, uku suna kan na uku, ana jirana. Ga shawarar da na yanke. Zan rubuta ƙaramin disket na gyara, in sa masa lamba da kwanan wata da jan biro manya manya, in haɗa da bayani dalla dalla yadda za ki bi. Akwai wani direban kar, bas ɗin da ke zuwa Tawa, da na yarda da shi ƙwarai, zan ba shi in ce hannu da hannu.

Ina roƙonki abu ɗaya. Ki koma zagina. Wannan ladabin ya fi ƙarfina.

Ƙanenki,
Attaher

Tawa, 2 ga Mayu 1998

Mai kan kabewa,

Ka roƙa, an ba ka. Lafiyarmu lau, Malam har ya fara maganar zai je gona da kansa bana. Jikar ta yi haƙori ɗaya, ta gwada shi a yatsana. Ka ci abinci, ba na son a ce ni na rame da kai. Ka gai da Balkisa, ita ce mai hankalin gidan, ta gane a layi biyar abin da ka kasa ganewa a shafi huɗu.

Almustafa ne zai kawo maka wannan. Yana da fatu da zai kai Yamai. Na ce masa hannu da hannu, na kuma gaya masa ba ta jira. In ka tafi Maraɗi zai bi ka Maraɗi, ka san halinsa.

Na karanta shawararka sau biyu don in tabbata ba zafi ne ya taɓa mini ido ba. Ambulan ya jefa mu a rami, maganinka shi ne wani ambulan. Da jan biro. Na yarda direban naka mutumin kirki ne, dukkansu mutanen kirki ne, abin da ya kashe mu ke nan. A ce ya iso a kan lokaci. A ce na bi bayaninka layi layi. In na'urar ta sake rubuta mini Ingilishinta, wa zan tambaya? In rubuto maka, ka amsa bayan an gama shuka? Kai da bakinka ka ce da na huɗu ya hau kanta ba ka san abin da zai rage ba. To ni ba zan sa hannuna a cikin abincin mutane in yi gwaji ba. Duk disket ɗin da ya shigo gidan nan ba tare da kai ba, ƙarƙashin katifa zai tafi wurin 'yan'uwansa. Zubi na huɗu na Sadisu ya isa ranar kasuwarsu, ya aiko mini da labari, ambulan ɗin yana kwance lafiya ƙarƙashin katifa.

Batun Maraɗi, na ji, Allah ya ba su haƙuri. Na'urorinsu ba sa jituwa, amma ba ka ce akwai wadda ta haɗiye aikin rani guda ba, ba ka kuma ce suna da taro a tsakiyar watan nan ba. Ka je wurin darakta ka gaya masa haka. In kana jin nauyinsa, ka ce wata tsohuwa a Tawa ta sace na'urar faroje ta ɓoye a ɗakin kwananta, dole ka je ka karɓo. Ba ƙarya ka yi ba.

Shekaranjiya da la'asar hadari ya taso daga gabas, ya yi baƙi, aka yi iska mai ƙamshin ƙasa, sannan ya watse. Mata suka kwashe shanya, yara suka yi ta tsalle a titi. Ni ma na ji daɗinsa, na fito da kujera na zauna ina kallo. Amma na san a ƙauyukan Takanamat ma sun gan shi, kuma sun koma sun leƙa rumbu.

To ka saurara, wannan ba wasan taubasai ba ne. Na ba ka zuwa ranar Lahadi 10 ga Mayu, kafin a kira magariba. Ka sauka a gidana, ka ci tuwo, ka buɗe na'urar, Litinin da Talata in haɗa rahoto, Laraba in shiga taro kamar kowa.

In magariba ta yi ban gan ka ba, Litinin da asuba zan tafi Takanamat. Na riga na yi magana da mai babbar motar da ke ɗaukar albasa, ya yarda, Sadisu kuma ya sanar da masu gari su zauna da shiri. Zan kwaso su duka in kawo su Tawa. Ranar Laraba zan shiga zauren taro da su, in ajiye na'urar a kan tebur cikin bargonta, kowane maigari ya tashi ya faɗi abin da ke rumbunan garinsa da bakinsa, ni in fassara. In masu taro suka ji suka ba su iri, shi ke nan, in mai da su gida.

In kuwa aka ce ƙa'ida ƙa'ida ce, sai abin da na'ura ta faɗa, to motar ba za ta koma arewa ba. Yamai za mu nufa. Zan sauke su a ƙofar gidanka, dattawa ne, baƙinka ne, za su zauna har ka samo musu abin shukawa. Suna shan fura da hantsi, suna cin tuwo da dare, biyu daga cikinsu ba sa shan shayi sai da sukari sosai. Ka gaya wa Balkisa ta fara surfe.

Lailatu